Ƙwaryar da Ta Zo ta Ɗaya

Saboda ba na magana sai karatu, malamanmu a kwaleji a Rano suka ɗauka ina da ido, suka sa ni cikin alƙalan baje kolin zanen ɗalibai. Ni ma na yarda da su. Kyautar keken ɗinki ce, kuma kowa ya sa ran Ladidi 'yar Fassi za ta ci, don ta ƙare zango tana zana kasuwar Kibiya.

A ƙarshen teburin baje kolin na tarar da wata ƙwarya mai sassaƙa, rufe da faifai. Na zagaya ta, na tsuguna, na miƙe. Ni da gaisuwa ma ke ba ni kunya, na yi dogon jawabi kan kyawun layukanta, na ce ita ce ta ɗaya. Ladidi ta sunkuyar da kai.

Sai ga Inna mai fura, mai talla a kwalejinmu, ta dawo daga salla.

"Ɗana, in ka gama yabon, miƙo min ƙwaryata. Keken kuma wa zai ɗora min?"

Da aka gane kuskurena, Ladidi ta samu kekenta. Ni kuwa har yau, in mai nono ta gifta, abokaina sai su miƙe tsaye: "Alƙali, ga sabon aiki, a ba shi maki."