Rasuwar Gurguwa, Kujerar Layi na Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyayyen kai ba, ma'aikaciyar nan da aka fi sani da Difloma, wadda a safiyar Litinin aka miƙa wa biro da takarda aka ce ta rubuta, ta ce ba za ta rubuta ba, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da abokan wahala rasuwar Gurguwa, 'yar kujerar katako ta layi na uku a kamfanin sabulu. Marigayiyar ta rasu a safiyar Litinin ɗin, a bakin aikinta, a gaban mata goma sha biyu da suka yi mata farin sani. Ta bar duniya tana da shekara biyu da wata huɗu. Ba za a ce ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya ba, kamar yadda aka saba faɗa don a rufa asiri. Kashe ta aka yi.

An haifi marigayiyar a shagon wani tsohon kafinta, mahaifin Difloma, daga guntayen katakon da suka rage bayan an gama wata ƙofa. Sanadin haihuwarta kuwa shi ne, a makon farko da Difloma ta kama aiki, bayan takardar karatunta ta gaji da yawo ofis-ofis ta koma ƙasan akwati ta kwanta, uban ya tarar da 'yarsa ta tsoma ƙafafu a robar ruwan ɗumi, sun kumbura har ba a gane idon sawu. Washegari ya miƙo mata kujerar. Da yake idonsa ya fara rauni, ƙafa ɗaya ta fito gajera da kamar faɗin yatsa.

"Baba, ai gurguwa ce," in ji ta.

"Ke ma haka na ga kina tafiya jiya," in ji shi. "Sai ku riƙe juna."

Nan sunan ya kama kujerar, da shi kuma ta koma ga ƙasa.

Ya kamata masu karanta wannan sanarwa su san irin gidan da marigayiyar ta yi rayuwa a cikinsa. A layi na uku, bel ɗin inji ne ke kwararo sabulu daga shida na safe zuwa shida na yamma, mata suna naɗewa suna jerawa a kwali. Daɓen siminti ne, kullum a jiƙe da ruwan da ke cin fata. Albashin ba ya ganin tsakiyar wata. A bango kuma an kafa allo da manyan haruffa: BA A ZAMA A BAKIN AIKI. Hikimar manaja ita ce mace in ta zauna, hannunta ma zama yake yi. Mai tsaron wannan hikima shi ne shugaban layin, wanda ake ce wa Mai Usur, saboda ba ya kiran mutum da suna in yana da iskar busawa.

A cikin jakar kaya Difloma ta shigo da marigayiyar. Ta sama mata ɗaki a bayan wani ginshiƙi inda idon Mai Usur ba ya kaiwa daga ƙofarsa, a ƙarƙashin kifaffen kwali da aka rubuta wa "lalatacce". A nan ta zauna har ƙarshen ranta, ba ta taɓa ƙorafin duhu ba.

Marigayiyar mai adalci ce. Ka'idarta kwali ɗaya: kowace mace za ta zauna gwargwadon lokacin da take cika kwali guda, hannu bai tsaya ba, sannan ta matsa, ta raɗa wa ta kusa da ita, "Gurguwa na gaishe ki." Haka gaisuwar ke zagayawa daga farkon layi zuwa ƙarshensa, sau uku ko huɗu a yini. Ba ta taɓa tambayar kowa takardar likita ba. Ba ta taɓa yanke wa kowa kuɗin yini don ta makara ba. Ba ta bambanta mai ƙiba da siririya, ko wadda ta yi makaranta da wadda ba ta yi ba. A duk faɗin kamfanin, ita kaɗai ce ta ɗauki nauyin ma'aikata da gaske.

Ba mai yawan magana ba ce. Kalmominta biyu ne. In an zauna ta ce "ƙiii". In an tashi, gajeriyar ƙafar ta bugi siminti ta ce "ƙwas". Goggo, wadda ta shekara ashirin a layin har jijiyoyin ƙafarta suka fito kamar igiyar shanya, ita ta fassara wa sauran: "ƙiii" na nufin sannu, "ƙwas" na nufin sai kin dawo. Goggo ta sha cewa da tana da ɗa namiji da ya rage, da Gurguwa za ta nema masa, don ba ta taɓa ganin suruka mai haƙurinta ba.

Sanadin ajalinta alheri ne. Auta, ƙaramarsu a layin, ta kai wata bakwai da ciki, tana ɓoye shi a cikin babbar rigar aiki saboda kowa ya san abin da ke biyo bayan a gani. Ba tare da an yi taro ba, mata suka riƙa sallama mata rabonsu. Kwali ɗaya ya koma uku, uku ya koma biyar. Nauyin mutum biyu ya sa muryar marigayiyar ta ƙara kauri. Difloma ta yi mata magani iya ƙoƙarinta, tana goga mata sabulu a gaɓoɓi kowace safiya, abin da dai ba a rasa ba a gidan. "Ƙiii" ta yi sauƙi. "Ƙwas" ce ba ta jin magani, amma ƙarar inji na rufe ta, shi ya sa ba wanda ya damu.

Ranar Litinin aka ɗauke wuta. Bel ya tsaya, ɗaki ya yi tsit, irin shirun da layin bai taɓa ji ba. A daidai lokacin manaja ya shigo zagaye, Mai Usur na biye da shi. Auta ta hango su ta miƙe a firgice.

Ƙwas.

Marigayiyar ta yi sallamarta kamar yadda ta saba, cikin ladabi, ba ta san lokacin ya canza ba.

Da aka jawo ta fili, manaja ya tambayi mai ita. Difloma ta ce tata ce. Ya shafa saman kujerar, ya ga yadda ya yi sumul yana sheƙi, ya ce zaman mutum ɗaya ba ya goge katako haka. Sai ya sassauta murya.

"Ke ce mai difloma ko? An ce rubutunki kamar na inji. Akwai gurbin akawu a ofishin sito. Kujera mai juyawa, ga fanka a kanki. Ungo biro. Rubuta min sunan duk wadda ta taɓa zama a kan wannan abin, gobe ki fara."

Difloma ba za ta yi wa masu karatu ƙarya a sanarwar mutuwa ba: ta kalli biron. Shekara biyu tana mafarkin wannan ofis. Ta tuna akwatin da takardarta ke ciki. Sannan ta kalli Auta, wadda ta dafe ginshiƙi da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "na yi karatu ne don in rubuta abin da zan iya karantawa a gaban ubana. Ba zan rubuta ba."

"Ke, ba ki da hankali ne?" in ji Mai Usur. "Ana ba ki kujerar ofis kina rungume da waɗannan ɓaraguzan?"

"Waccan mutum ɗaya take ɗauka."

Sai ta ja marigayiyar zuwa tsakiyar ɗaki, daidai ƙarƙashin allon, ta zauna a kanta, ta harɗe hannu. Ƙiii, in ji Gurguwa. Wannan ne karo na farko da ta yi magana a fili, kuma na ƙarshe.

"Tashi tsaye!" Mai Usur ya manta da usur ɗinsa, da baki ya yi ihun.

"Ai yau ne na tashi tsaye, Mai Usur. Ido ne ba ka da shi."

Masu gadi biyu ne suka ɗaga Difloma daga kanta. Mai Usur ya kama marigayiyar ta ƙafa ya maka ta da ginshiƙin da ya ɓoye ta shekara biyu. Sau uku. Ƙarar da ta yi ba ta cikin kalmominta biyu, Goggo ma ba ta iya fassara ta ba. Ana haka wuta ta dawo. Bel ya motsa, sabulu ya taho, hannaye goma sha ɗaya sau biyu suka koma kansa. Ba wadda ta ɗago. Difloma ba ta riƙe su a zuciya ba, ta san yawan bakin da ke jiran kowacce a gida. Amma ta ji shirun, kuma har yanzu tana jin sa.

Marigayiyar ta rasu ta bar mata goma sha ɗaya a tsaye. Ta bar Goggo da jijiyoyinta. Ta bar Auta da wata biyu a gabanta, babu inda za ta jingina sai bango, shi ma a sace. Ta bar jaririn da ya san ta tun bai ga duniya ba. Ta bar kwalin "lalatacce", wanda bai daɗe bayanta ba, don an ba da umarni a riƙa tattake kowane kwalin banza. Ta bar sabon madubi da aka kafa a saman ginshiƙi, da sabon binciken jaka a bakin ƙofa. Ta kuma bar wata 'yar uwa ta nesa, kujerar ofis mai juyawa, wadda ba su taɓa gaisawa ba. An ce tun Laraba aka sami mai zama a kanta, daga layi na biyu. Ba a san abin da ta rubuta ba.

An kawo gawar gida a cikin jakar da ta fara shiga kamfanin da ita. Mahaifinta kafinta ya baje guntayen a kan teburinsa, ya daɗe yana juyawa, ya tabbatar ba ta gyaruwa. Ƙafa uku sun tsage, saman ya rabe biyu. Gajeriyar ƙafar ce kaɗai ko ƙwarzane babu.

"Wadda na kuskure ita ta tsira," in ji shi. Sai can ya ce, bai kalli Difloma ba, "Kin rubuta?"

"Ban rubuta ba, Baba."

"To. Je ki ci abinci."

Za a binne marigayiyar ranar Lahadi da hantsi, a bayan shagon da aka haife ta, domin ita ce ranar da abokan zamanta ke da ikon ƙafafunsu. Ba za a binne gajeriyar ƙafar ba, Goggo ta aiko a ajiye wa jaririn Auta. Zaman makoki kuwa a tsaye za a yi shi, ranar Litinin, a layi na uku, daga shida zuwa shida, haka kuma duk ranar da ta biyo baya. Ba sai an zo da tabarma ba.

Masu son yi wa Difloma ta'aziyya ba sai sun tambayi lokaci ba. An sallame ta a ranar da abin ya faru, an karɓe katinta a bakin ƙofa, an hana ta takardar shaidar aiki. Kamfani biyu da ta je tun daga nan sun riga ta jin labarin, ko ƙofa ba su buɗe mata ba. Gidan da hannu biyu ke riƙe da shi ya koma kan hannun tsohon da idonsa ke dushewa. Ba ta ceci kujerar ba, ba ta cire allon daga bango ba. Suna goma sha ɗaya kawai ta hana takarda, kuma da za a sake miƙo biron gobe, ba za ta karɓa ba.

Za a same ta a gida kowace rana, daga safe har yamma, a zaune.