Rasuwar Inna, Manhajar Ɗakin Ƙyanƙyasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka yi ja saboda kallon allo, iyalan Mai Kaji na sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa kawo ƙwai a ƙyanƙyashe masa, rasuwar manhajarsu wadda aka fi sani da Inna. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan teburin ofis, tsakanin butar shayi da kwalin safar hannu, bayan shekara goma sha tara a bakin aiki.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, Inna 'yar ƙaramar manhajar kwamfuta ce da ba ta kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. Dogo, ƙanen Mai Kaji, shi ya rubuta ta a wani hutun makaranta, lokacin da yake jin zai yi nisa a harkar kwamfuta. Sunan da ya ba ta "zafi2", don "zafi1" bai zo da rai ba. Aikinta kula da injinan ƙyanƙyasa huɗu. Duk minti takan leƙa zafinsu da laimarsu ta wata farar waya da ta bi ta ramin bango, duk awa kuma ta sa a juya tiren ƙwai. Yaran gidan ne suka laƙaba mata Inna, tunda duk ɗan tsakon da ya fito daga ɗakin nan a hannunta ya fito.

An shaidi marigayiyar da kamun kai. Ba ta taɓa tambayar kowa kalmar sirri ba, ba ta san intanet ba balle ta yi yawo. Ba ta da yawan magana. Idan ta juya ƙwai sai ta ce "tit". Idan wani ya bar ƙofar inji a buɗe, "tit-tit-tit", kamar tsohuwa mai tsaki. Idan kuwa zafi ya wuce ƙa'ida sai ta ja "kiiiii" ɗin da ke fito da mutum daga wanka da kumfa a kunne. Mai Kaji kan ji "tit" ɗin nan tun daga rumbun abincin kaji, ko da injin niƙa na aiki, kuma rabon da ya ɗaura agogo tun kafin a yaye autarsa.

Ba a tona aibin mamaci, amma iyali sun ga ya dace a faɗi biyu. Marigayiyar ta tafi a kan imanin cewa watan Fabrairu kwana ashirin da takwas ne har abada. Sannan idan komai na tafiya daidai takan rubuta "LAFYA LAU" a allo, Dogo ya manta harafi ɗaya, ba a kuma taɓa mayar mata da shi ba.

Ciwon ajali ba a jikinta ya fara ba, a gidan da take zaune ne. Tsohuwar kwamfutar ofis ta soma wani "ƙwas, ƙwas" daga ciki, daidai lokacin da babbar 'yar Mai Kaji, wadda ake kira Injiniya, ta zo hutu. Ta kanga kunne ta ce faifan ajiya ne, kuma da wuya ya ga ƙarshen mako. Aka kawo sabuwar kwamfuta, ita kuma ta ƙi karɓar tsohon tsarin da ke tafiyar da ta da. Tsarin irin na kowa da kowa ne, wanda masu sa kai ke ginawa a buɗe, kuma a shekarun nan sun yi gaba ba su waiwayo ba.

Injiniya ta zaunar da mahaifinta ta yi masa bayani. "Baba, akwai wani tafinta da ake kira kwamfaila, shi ke juya rubutun mutum zuwa yaren inji. An kawo sabo, kuma an canza yadda manhajoji ke miƙa wa juna saƙo. Duk wadda aka fassara da tsohon sai an sake fassara ta, in ba haka ba ita da maƙwabtanta ba za su fahimci juna ba."

"To a sake mana," in ji Mai Kaji.

"Sai da asalin rubutun da Kawu Dogo ya yi. Yana ina?"

"Yana cikin aljihun tebur."

"In gani."

"Ke, ni na haife ki ko ke kika haife ni? Na ce yana nan."

Iyali na roƙon jama'a su lura da wannan amsa, domin shi mai ita ya yi ta maimaita ta a ransa tun daga ranar.

Aiki ya tafi bi da bi. Aka fara da tafintan, wanda ya zauna ya fassara kansa da kansa, abin da Mai Kaji ya ce bai taɓa jin wani tafinta ya yi ba. Aka bi da babban laburaren da kowace manhaja ke aron kaya a cikinsa, sannan sauran manhajoji ɗari tara da 'yan kai, kowace ta shiga ta fito da sabuwar riga. Ana gama kwashe kayan tsohon faifai ya yi "ƙwas" na ƙarshe ya yi shiru, hanyar komawa baya ta rufe. Sai aka kira Inna. Ta fito da layi ɗaya tak a allo, cewa ta nemi wani maƙwabci da ta sani shekara goma sha tara ba ta same shi ba. Ko "tit" ba ta ce ba.

Mai Kaji ya ja aljihun tebur. Ga makullai, ga matacciyar tocila, ga gidan faifan CD da rubutun Dogo a kai, ciki wayam. Aka buga wa Dogo waya, wanda yanzu tayil yake sayarwa kuma ya ce ko sunan yaren da ya yi rubutun da shi ya manta. "Yaya, ba faifan da na ce ka adana kamar ranka ba?"

Uwargida ta nuna taga da haɓa. A can saman filin da ake sakin kaji, faifai bakwai na lilo a jikin igiya suna walƙiya don korar shaho. Mai Kaji ne ya rataye su da hannunsa shekara shida da suka wuce, har yana yi wa maƙwabta alfahari da dabarar. Na uku daga hagu shi ne. Ya hau tsani ya sauko da shi, ya wanke da sabulu, ya goge da gefen rigarsa. Kwamfuta ta haɗiye shi, ta yi gurnani, ta tofo shi.

An yi wa marigayiyar duk abin da ake yi wa majinyaci. Injiniya ta keɓe mata wani ɗan ɗaki a cikin sabon tsarin, ta zuba mata tsofaffin kayan da ta saba da su. Inna ta buɗe ido ta ce "tit". Mai Kaji ya ɗaga hannu sama zai yi godiya, sai ta sanar cewa zafin inji na uku digiri dubu huɗu ne, cewa yau ɗaya ga Janairun 1970, kuma LAFYA LAU. Daga nan ta shiga juya tire ba tsayawa, har sai da Injiniya ta yi tsalle ta fizge farar waya. Kalamanta na ƙarshe ke nan.

A lokacin akwai ƙwai dubu shida a cikin injinan, kwanansu goma sha biyu, saura tara. Ɗari huɗu daga ciki na matan unguwa ne da suka kawo amana. Babu lokacin kuka. Mai Kaji da Uwargida da direban gonar suka raba awoyi, kowa da ma'aunin zafi da littafin rubutu, suna murɗa hannun juya tire da ƙarfin damtse. Injiniya kuma ta zauna rubuta sabuwa, tana jefo tambaya ta ƙofa. Idan laima ta sauka me Inna ke yi? Minti nawa take haƙuri kafin ta yi ƙara? Ranar da ƙwai suka cika kwana sha takwas fa? Mai Kaji na amsawa ba ko tunani, hannu ɗaya a kan ƙarfe. Mutumin da bai san inda ake kashe kwamfuta ba, ashe ya haddace marigayiyar kaf. A kwana na uku sabuwar ta karɓi aiki. Injiniya ta tambaye shi ko a bar "LAFYA" yadda take, don tunawa. Ya dubi allon ya ce, "Sa mata harafinta. Wancan na Inna ne."

Marigayiyar ta rasu ta bar 'yan tsaki dubu biyar da ɗari huɗu da goma sha biyu, waɗanda suka fito a kan lokaci, har da na matan unguwa. Ta bar 'ya'ya da jikoki da ba su ƙidayuwa, yawancinsu an cinye. Ta bar farar waya, wadda har yanzu ke bakin aiki, da mahaifinta Dogo, wanda ke karɓar gaisuwa a shagonsa. Magajiyarta ita ce "zafi3", kuma bisa umarnin Mai Kaji an sa asalin rubutunta a buɗe inda duk mai kiwon kaji zai iya ɗauka, an kuma buga shi a takarda, kwafi uku, biyu a hannun Uwargida.

Za a yi sallama da marigayiyar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ofishin gonar. Za a kwafe ta a filashin kwamfuta, a naɗe da auduga, a sa a gwangwani, a ajiye a saman kabad inda yara ba sa kaiwa. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su tsoma takalmansu a ruwan magani da ke bakin ƙofa, kada kuma kowa ya zo wa Mai Kaji da labarin wani ɗan'uwansa da ya iya kwamfuta wanda da an kira shi da ba haka ba. Dogo zai yi jawabi, an ba shi minti uku. Ba za a yi shirun minti ɗaya ba. An gwada jiya, marayun 'yan tsakin sun ƙi.