Rabon Cika Baki

Ranar da aka buɗe rumbun Dajin Gawo ya kamata mai iyali ya ji tsoro, sai dai kiɗan ya yi daɗi da yawa.

Jatau kabare ne, tsuntsu masaƙin sheƙa. Shekara tara yana saƙa wa tsuntsaye gidaje, har iska ta fara kwaso leda daga gari. Kowa ya gane sheƙar leda ba ta yoyo, kuma kyauta ce. Masaƙa ɗari uku suka rasa aiki a damina guda. Tun daga nan Mujiya ke auna musu gero daga rumbu, gwargwadon 'ya'yan kowa, amma sai ta tambaye ka dalilin zamanka ba sana'a. Jatau yana da 'ya'ya biyar, kuma ya tsani tambayar nan.

Sai ga Burtu ya hau kututture a majalisa, ya kumbura jan maƙogwaronsa.

"'Yan'uwana talakawa, wa ya ce sai an leƙa sheƙarka kafin ka ci? Daga yau ba tambaya, ba babba ba ƙarami. Kowa ya cika bakinsa sau ɗaya."

Daji ya ruɗe. Kwaɗi suka ɗauki amshi, Kunkuru ya yi juyi har ya kife, Jatau ya taka rawar da rabonsa da ita tun yana ango. Mujiya ta ce a cikin geron har da irin shuka, aka tsige ta kafin ta rufe baki.

Tabawa matar Jatau ta ja shi gefe. "Malam, dubi bakinka, ka dubi na Burtu."

Ya ce mata ba ta san siyasa ba.

Don adalci aka fara da maƙwabtan rumbu. Dorina ta wage baki, aka yi guɗa. Burtu ya cika nasa har maƙogwaro, aka ƙara guɗa. Da la'asar layi ya zo kan Jatau, ya cika baki fam: ƙwaya uku. Yana juyowa makaɗi ya kira sunansa, ya amsa "Sai Burtu!", ɗaya ta faɗi, Kaza ta tsince.

Ya isa gida da biyu, ƙafarsa na bin kiɗa, bakuna biyar a buɗe suna jiransa. Burtu ya yi alkawarin wani rabon ranar Juma'a. Ko akwai sauran gero a rumbun, har yanzu ba wanda ya sani.