Ranar da Na Yi wa Aninin Dakta Wanka

Ko na manta komai na zamana a Doha, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa aninin Dakta wanka ba.

Dakta likita ne ɗan Zariya, ni kuma direbansa ne a unguwar Madinat Khalifa. Shi ya ɗauko ni daga gida, shi ne kafil ɗina, wato da sunansa na sami izinin zama, in ya sallame ni sai dai in hau jirgi. Bawan Allahn nan yana da jarabar tara tsofaffin kuɗin ƙarfe. Kowanne yana cikin gidan roba garai-garai, a rufe ruf, da 'yar takarda mai lamba daga sama. Wanda ya fi ji da shi wani anini ne mai huji, na marigayi mahaifinsa.

Da zai tafi Umara ya ce in kula da falo. Ina goge-goge na ga aninin nan ya yi dukun-dukun. Na ce haba, kayan uba guda a bar shi haka? (Ni fa a gidanmu da toka ake dirje faranti har sai ka ga fuskarka.) Na sa wuƙa na ɓalle robar, ta tsage ƙas. Na ɗebo tokar turaren wuta, na matsa lemun tsami, na wanke shi tas. Wallahi don jin daɗi har hoto na ɗauka.

Sai da na zo mayarwa na gane robar ba mai buɗewa ba ce. Na garzaya kasuwar Souq Waqif, na yi ta bin lunguna har na sami wani mai tarkace da ya ce yana da irinta, har da takardarta. "Khalas, shi ke nan, ba wanda zai gane," in ji shi. Na liƙe da gam, na mayar mazauninta, na ja bakina na yi gum.

Ranar Juma'a bayan ya dawo, abokansa suka zo cin abinci. Ina zuba shayi wani injiniya ya ce yana so ya fara tara irin kuɗin nan, amma yana tsoron jabu. Dakta ya ce, "Ai da sauƙi, daga robar ake ganewa, bari in nuna maka ta gaske." Hannunsa bai sauka ko'ina ba sai kan aninin.

"Da farko ka duba gefe. Ta gaske ba ka ganin gam a..." Ya juya ta. Ga gam ɗina nan ya bushe, har da shatin yatsana.

"Sannan lambar nan, in ka sa ta a waya za ta nuna maka abin da ke ciki." Ya danna. Sai ga hoton wani kuɗin azurfa na wata ƙasa can.

"Kuma," muryarsa ta yi ƙasa, "tsohon anini ba ya ƙyalli haka."

Shayi ya cika kofi ya malale a kan kafet ban sani ba. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Toka ce da lemun tsami."

Injiniya ya tuntsire da dariya har ya ƙware. Dakta bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon aninin, ni kuwa a raina har na gama haɗa jakata.

"Duhun nan da ka kankare," ya ce, "hannun Baba ne ya bar shi. Wankin kuskure ne, na yafe. Gam ɗin nan ne ya yi min ciwo. Me ya hana ka kira ni?"

Da marina ya yi da ya fi min sauƙi. Gardi da ni, hawaye ya zubo min a gaban baƙi.

Bai sallame ni ba. Aninin yana nan cikin jabun robarsa, Dakta ya ƙi canza ta, kuma duk baƙon da ya zo ni ake kira in nuna masa yadda ake gane ta bogi. Na ƙware kuwa, ba yabon kai ba. Yanzu a gidan nan ko cokali na ga ya yi duhu, sai na tambaya tukuna ko na gado ne.