Yaƙin Raba Kujeru Biyu Ranar Suna

Da sunan Mai raba dare da rana muke buɗe tarihin gwarzo, Malam Zubairu ɗan Haladu ɗan Tankari, jikan masu kwari da baka, sadaukin allo, dodon masu makara, wanda alli ke karyewa don tsoronsa, malamin Turanci a wata sakandare ta Malumfashi. Shi ne ya kwashe mako guda cur yana yi wa ɗalibai sharhin kalmar Turanci ɗaya tak, wadda da ita ake raba faɗa, a watse taro, a kashe soyayya, a tashi makaranta hutu, har masana suka sallama cewa a ilimin rabuwa ba shi da na biyu.

To, ran sunan ɗansa na fari, jama'a sun cika kujerun roba na haya, sai ga surukinsa Alhaji Ƙasimu, dattijon da har yau bai yarda Malam ya iya komai ba ban da surutu. Mutane suka yunƙura za su ba shi wuri, gwarzo ya daka tsawa: "Kowa ya zauna! Kujerar Baba daban take!"

Kaico! Kujeru biyu suka rage, ɗaya ta shige cikin ɗaya, sun yi mubaya'a ba sa rabuwa har abada.

Malam ya naɗe babbar riga, ya taka ta ƙasa, ya finciki ta sama. Ko gezau. Ya nemi ɗauki, Hashimu wanzami ya ajiye aska ya shigo fagen fama. "Ja, Hashimu! Yau ko ni ko su!" Aka ja gabas, aka ja yamma, aka jijjiga, aka tsiyaya man gyaɗa tsakanin abokan gaba, hula ta yi shahada a kwata, shadda ta yage tun daga wuya, gumi ya kwarara, duk wannan kuwa gwarzo bai isa ya ɗaga ido ba, don suruki na tsaye a kansa, dogare da sanda. Wallahi ni mai wannan tarihi sai da na ji tausayinsa.

Da Alhaji ya gaji, sai ya sa sanda ya kawar da rundunar, ya zauna daram a kan kujerun yadda suke a haɗe.

"Bar su haka, Malam. Guda ɗaya ta yi wa gwiwata ƙasa."

Aka shafa fatiha gwarzo na tsugune a gefe, yana goge man gyaɗa da ragowar rigarsa.