Aminin Dazman

Duk faɗin Tasawa, kai har ka dangana da Kona da Urafane, babu wanda Allah ya yi wa baiwar sanin ƙwallon ƙafa kamar Mushe Sanda, tsohon malamin lakwal mai ritaya (a makarantar boko ta nan, Mushe ake ce wa malami), wanda aka fi sani da Aminin Dazman. Wasu kan ce masa Jakadan Ingila, kuma yana amsawa ba tare da ya waiwaya ba. Gaskiya ne ba a taɓa ganin ƙafarsa ta taɓa ƙwallo ba, amma wannan ƙanƙan da kai ne irin na manya. Gaskiya ne kuma tafiyarsa mafi nisa ita ce Kano, lokacin da ya je cire haƙori. To, me ya haɗa zumunci da fasfo?

Shi Dazman ɗin nan, sunansa na yanka Desmond Hartwick, ɗan ƙwallon Ingila ne da ya yi zamaninsa a wani ƙaramin kulob, tun kafin a haifi samarin da ke cika gidajen kallo yanzu. Wata rana, shekara talatin da wani abu da suka wuce, ya zura wa wani babban kulob ƙwallo uku a wasa ɗaya. Mushe Sanda ya ji labarin a rediyo, ya zauna ya rubuta masa wasiƙa da Ingilishin da ya rage masa na aji uku. Bayan wata biyar sai ga ambulan: hoton ƴan kulob ɗin su Dazman gaba ɗaya, da sa hannu a bayansa. Daga ranar nan Tasawa ba ta sake hutawa ba.

Hoton bai zo da sunaye ba, amma mai basira ba ya bukatar a nuna masa. Mushe ya duba, ya ga samari ashirin da gajeren wando, gwiwoyi a waje, wasu a tsaye wasu a tsugune. A tsakiya kuwa ga wani Bature zaune bisa kujera, da kwat, da tumbi, hannuwa bisa cinya. Magana ta ƙare. A ina aka taɓa ganin babban mutum ya tsaya a gefe a hoto? A ina aka taɓa ganin mutum mai suna ya buɗe gwiwarsa gaban jama'a? Mai kwat ɗin nan shi ne Dazman, sauran yaransa ne.

Ya ɗauko madubin auren matarsa Lalla, ya cire madubin, ya sa aka yanko gilashi, ya shigar da hoton cikin katakon. Da hoton ya yi wa katakon faɗi, sai ya naɗe gefe da gefe zuwa baya. Babu asara, yara ne kawai suka ɓuya. Lalla ta yi mita kwana biyu, ya ce mata tarihi ya fi kwalliya.

A zaurensa aka rataye hoton, kuma a ƙarƙashinsa Mushe ke ba da karatu kowace la'asar, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Ya san garin da aka haifi Dazman, bakin teku, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ya san wasa ɗari huɗu da goma sha biyu ya buga. Ya san ranar da aka karya masa ƙafar dama, yana da shekara talatin da uku, har Mushe ya yi kwana uku bai ci tuwo ba, sai fura. Wannan duk daga rediyo ne, kuma gaskiya ne. Abin da rediyo ta manta ba ta faɗa ba, Mushe kan cike da kansa: cewa Dazman ba ya sa hannu a kwantiragi sai ya shawarce shi, cewa tun da salula ta shigo, kowace Salla sai ya kira ya yi masa barka.

"Mon ami ne, aminina," in ji Mushe, yana shafa gilashin da hannun riga. "Ku kuna ganin ƴan ƙwallo a tele, ni kuwa hira nike da su. Ba ɗaya ba ne."

Samarin fada, masu zaman shayi a bakin titi, ba su taɓa musu ba. Wa zai ƙona kuɗin salula wajen neman hoton tsohon da ya aje ƙwallo tun iyayensu na zance?

Sai bara takarda ta iso. Dazman ya kafa wata ƙungiya mai gina filayen wasa a karkara, zai gina fili ɗaya tak a yankin nan, da katanga da raga da famfo, ko a Tasawa ko a Mayahi. Da kansa zai zo ya ga garuruwan biyu ya zaɓa. Samarin Tasawa, waɗanda suka gaji da wasa cikin rairayi da ƙaya suna korar awaki daga bakin gola, suka yi ta murna kamar an riga an gina. Alhaji Yusha'u, shugaban kwamitin tarba, ya tashi takanas ya je zauren Mushe ya ce masa duk fatan gari na hannunsa.

Mushe ya karɓi nauyin cikin tawali'un da aka san shi da shi. "Alhaji, ka je ka yi barci da minshari. Hilin nan an gama. Mutanen Mayahi su je su nemi nasu aminin."

Mutanen Mayahi, bayin Allah, da yake ba su da aminin kowa, sai suka buɗe salula suka duba kamannin baƙon da za su tarba.

Ranar Talata da hantsi motoci kat-kat biyu suka sauko daga gudro, wato kwalta, suka tsaya gaban rumfunan da aka kafa. Makaɗa suka saki ganga. Mushe na gaba da babbar riga mai aska, lema a hannu, hoton a hammata. Mutum uku suka fito: wani Bature mai furfura da tumbi, wata budurwa Hamida da ƙungiyar ta ɗauko daga Maraɗi don tafinta, sai wani baƙin dattijo dogo, da gajeren wando da ƴar shara, yana ɗan ɗingisa ƙafar dama.

Dattijon ya taho da murmushi ya miƙo hannu. Mushe, wanda ya san darajar lokaci, ya danƙa masa lemar ya wuce. Ya rungume Baturen, ya sake shi, ya sake rungumewa, har da ƙwalla. Baturen ya yi ta magana yana nuni da hannu. Hamida ta buɗe baki za ta fassara, Mushe ya ɗaga mata yatsa.

"Ɗiyata, in manya na gaisawa, yara shiru su kai. Ni na san harshenshi tun ba a haihe ki ba. Jama'a, cewa ya yi ya yi kewata."

Aka yi tafi. Hamida ta dubi dattijon, dattijon ya girgiza mata kai alamar ta bari, da alama abin ya fara ba shi sha'awa. Ya buɗe lemar ya riƙe wa Mushe har rumfa. Can Mushe ya karɓi abarsa, ya nuna masa bencin direbobi a gindin itacen bedi, ya ce a kai masa fura kada a ce Tasawa ba ta san haƙƙin masu hidima ba.

Aka zaunar da Baturen a kujerar tsakiya. Aka zura masa babbar riga, aka naɗa masa rawani, aka jawo rago aka damƙa masa igiya. Duk lokacin da ya yunƙura zai tashi, Mushe ya danne masa kafaɗa, ya shaida wa jama'a cewa kunya ce irin ta manyan ƴan wasa. Sannan ya karɓi lasifika. Minti arba'in yana zuba tarihi, daga bakin teku har wasa na ɗari huɗu da goma sha biyu. Da ya iso kan ƙwallaye ukun nan, sai ya durƙusa ya kama ƙafar Baturen ya ɗaga ta sama.

"Ku dube ta da kyau! Wagga ƙahwa ita ta girgiza Ingila. Wagga ƙahwa aka karya, ni na yi jinyarta daga nan Tasawa da addu'a. Voilà!"

Mai ƙafar, kamar yadda aka sani daga baya, ma'aunin ƙasa ne, an kawo shi ya duba inda ruwa ke kwanciya. Bai taɓa buga ƙwallo ba ko a mafarki.

Saura abu ɗaya, a sabunta sa hannu. Mushe ya miƙa wa Baturen hoton da alƙalamin bik. Nan Baturen ya samu kafa. Ya miƙe da rawaninsa a karkace, rago na jan sa, ya ratsa taro ya nufi gindin bedi, ya ba dattijon hoton da hannu biyu. Jama'a suka bi shi da ido, ganga ta mutu da kanta.

Dattijon ya aje ƙwaryar fura. Ya daɗe yana kallon hoton. Ya juya shi, ya tanƙwara ƙusoshin baya, ya zaro takardar, ya warware gefen hagu da ya shekara talatin a naɗe. Ga wani baƙin saurayi tsaye a ƙarshen layi, siriri, da tulin gashi. Ya ɗora yatsa a kai, ya ɗora a ƙirjinsa. Wannan karon ba wanda ya hana Hamida aikinta. Ta ce baƙo ya gode da jawabin, kuma lissafin wasannin daidai ne, ko shi ya manta wasu. Ta ce wanda ke tsakiya da kwat mai kulob ɗin ne, wani mai sayar da tayoyin mota, kuma ya rasu shekara ashirin da suka wuce.

Alhaji Yusha'u ya juyo a hankali. "Mushe, to da wa kake gaisawa ran Salla?"

Mushe ya ce layin Ingila ba ya fita sosai.

Dazman mutumin kirki ne, bai nuna fushi ba. Ya sa hannu a hoton karo na biyu, ya yi sallama da direbobin garin da suka sha fura tare, ya shiga mota. Da azahar suka isa Mayahi, inda aka ce tun daga bakin gari mata ke guɗa suna kiran sunansa, samari suka ɗauke shi a kafaɗa saboda ƙafar. Bayan wata ɗaya takarda ta zo cewa ƙasar Mayahi ta fi dacewa da ginin. Mai yiwuwa ne. Ma'aunin ƙasar dai bai samu ya auna ta Tasawa ba, yana fama da rago.

Na ji takaicin abin nan har raina, don na ga samarinmu ranar da aka buɗe filin Mayahi. Sun yi hayar mota sun je kallo, sun dawo kowa ya wuce gida. Washegari suka koma rairayinsu da awakinsu.

Amma kada wani ya ɗauka Mushe Sanda ya karaya. Babban mutum ba ya faɗuwa, sai dai ya sauya zama. Yanzu bayaninsa shi ne tun daga nesa ya gane amininsa, wasa ne irin nasu na tsofaffin abokai wanda ƙananan mutane ba za su fahimta ba. Lemar ma ta daina ganin rana, tana jingine a zaure cikin leda.

"Su riƙe hilinsu," in ji shi. "A tambaye su, duk Mayahi wa Dazman ya taɓa riƙe ma lema?"

Ita kuwa Lalla, ta ɗauki katakonta da aka bari a gindin bedi, ta lalubo madubinta a ƙasan akwati, ta mayar da shi mazauninsa, ta rataye a ƙusar nan ta zaure. Mushe bai hana ba. Har gobe, kowace la'asar, za ka same shi tsaye a wurin yana ba da tarihin babban mutumin da ke cikin katakon, kuma a karo na farko cikin shekara talatin bai yi kuskuren mutum ba.