Tarwaɗata Mai Ƙafafu

Da damina na hango wasu baƙaƙen halittu masu jela suna iyo a kududdufin bayan gidanmu a Roni. Kallo ɗaya na yi musu na ce 'ya'yan tarwaɗa ne. Na kwaso su na zuba a randa, kullum ina barbaɗa musu dusa. Har a majalisa na yi shela cewa a gidana za a sha farfesun sallah.

Wata safiya matata ta leƙa randar, ta ce, "Maigida, tarwaɗarka fa ta yi ƙafafu."

Na ce ai irin na zamani ne. Ba a jima ba suka cika tsakar gida da tsalle.

Har yau, da kwaɗo ya yi kuka, sai 'yan majalisa su ce, "Malam, tashi, kifinka na kira."